Ranar da Na Je Binciken Asalin Mota

Ni tun da nake ban taɓa sayen abin da ya fi keken ɗinki girma ba, shi ɗin ma sai da na taka har gidan matar da ta fara taka shi na ji dalilin rabuwarta da shi. Shi ya sa ranar da ɗan farina ya turo matarsa ta gaya min zai sayi mota, abin da na fara tambaya shi ne, "Ta gidan wa ce?"

Surukar tawa ta yi dariya har da rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Inna, mota ce fa, ba amarya ba."

Na ce, "Amarya in zama ya ƙi gidan ubanta take komawa ita kaɗai. Wannan in ta ƙi da ku za ta tafi."

Turo ta ya yi don ni da shi ba ma hira. Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na zama da shi a tabarma ɗaya, haka na taso na ga iyayenmu suna yi. Gidanmu ɗaya a Koki, shi da iyalinsa suna ɗakunan gaba, ni ina can ƙurya. Safe da yamma zai zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Duk abin da ya wuce haka sai dai ta bakin matarsa. Kaf unguwar nan an san bakina ba shi da linzami, mai unguwa ma in ya hango ni gyara zama yake, amma a gaban yaron nan sai in zama kamar wadda aka ɗinke wa leɓe.

Ban ga laifinsa ba da ya nemi mota. Malamin makaranta ne, a babur yake kwasar yaransa kullum, ƙaramar a kan tanki, manyan biyu a baya sun rungume shi. A daminar nan babur ɗin ya zame da su a taɓo, salansar babur ɗin ta ƙona ƙaramar a sharaɓa, ni na yi ta shafa mata man kaɗanya har fata ta dawo. Daga nan ya ƙudura sai ya sayi mota, ko da ta hannu ce, wadda ta ga jiya ta ga yau. Yaran nan za a riƙa zubawa a ciki safe da rana. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai.

Da hantsi wani dillalin motoci ya kawo ta. Lungunmu ba ya cin mota, sai aka tsayar da ita a bakin titi ƙarƙashin dalbejiya. Ruwan toka ce, tana ta ƙyalli kamar an shafe ta da man gyaɗa. Dillalin ya sha farar shadda, carbi a hannu, turarensa ya riga shi isowa. Ɗana ya kira bakanikensa, wani baƙi siriri da ya saba gyara masa babur da injin ruwa. Ya buɗe gaban motar, ya sa aka tayar, ya kara kunne, ya zaro wani dogon ƙarfe ya murza man a yatsa ya shinshina. Ya zagaya ya harbi tayoyi da ƙafa. Ya ce inji kam ko agogo albarka.

Ni ina tsaye daga bakin lungu da mayafina. Sai dillalin ya hango ni.

"A'a, Hajiya ce da kanta? Ai ba a sayen mota uwa ba ta sa albarka ba. Bismillah Hajiya, shigo ki ji laushin kujera."

Na shiga baya na zauna. Laushi kam akwai. Na shafa kujerar sai hannuna ya faɗa kan wata ƙuna, zagayayya, an yi dabara an goge ta amma tana nan. Duk macen da ta taɓa riƙe kaskon turaren wuta ta san wannan shatin, gindin kasko ne. Na ce a raina, to aƙalla mata sun shige ta.

Na leƙo ta taga na ce, "Malam, wa ke da ita da?"

"Motar gida ce Hajiya. Wani Alhaji ne mai sayar da fata a Kurmi, gidansa na Ƙofar Na'isa, bara Allah ya yi masa rasuwa. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci. Sai yanzu magada suka fitar da ita."

"Allah ya jiƙansa. Ciwo ya yi?"

"Kwana ne ya ƙare, Hajiya."

"Kowa ma kwanan ne ke ƙare masa. Cewa na yi ciwo ya yi?"

Ya ja carbi ya ce, "Ai ni a hannun magada na karɓa." Ya juya ya ci gaba da nuna wa ɗana yadda gilashi ke hawa da sauka da kansa.

An miƙo min takardunta ma, don an san yanzu ina karatu. Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga lokacin ko ledar burodi ba ta wuce ni ban karanta ba. Na bi su a hankali da yatsa. Abin da na samu a ciki, mota ce, kuma ruwan toka ce. Wannan ko ban yi karatu ba na gani.

Aka tsayar da magana a kan bayan la'asar za a dawo a ƙarasa ciniki. Dillalin ya bar motar a nan, wai maƙwabta su ba idonsu abinci.

Ni kuwa na koma ɗaki na sake zane. A unguwar nan in za a ba da 'ya ko za a ɗauko, ni ake turawa bincike, don ba na jin nauyin tambaya. Na san yadda ake yi. Ba a tambayar mai kawo magana, shi abin da zai ci yake karewa. Gidan da abu ya fito ake zuwa, a shiga har tsakar gida, a zauna da mata. Dillalin nan bai ji tsoron faɗin unguwa da sana'ar mamacin ba saboda ya san da maza yake ciniki, namiji kuwa iyakarsa soro. Wane ne zai yi sallama a gidan mutuwa ya ce a fito a ba shi labarin mota? Bai lissafa da tsohuwa mai mayafi ba.

Na tari adaidaita zuwa Ƙofar Na'isa. Ban sha wahala ba. Wata mai suyar awara a bakin layi na tambaya gidan mai fata na Kurmi da ya rasu bara, ta nuna min da matsami, ta ce, "Ga shi can mai koren ƙyaure. Allah sarki." Yadda ta faɗi Allah sarkin nan ban so ba.

Na yi sallama na shiga. Gidan shiru. Matar mamacin ashe ta gama takaba ta koma gidansu da yara. Mahaifiyarsa na tarar, tsohuwa sa'ata ko ta ɗan girme ni, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa a faranti.

Ta ce, "Maraba. Baiwar Allah daga ina?"

Na ce, "Daga Koki. Maigidana marigayi shi ma ɗan Kurmi ne, kayan yaji ya sayar. Sai yanzu labarin rashin da aka yi ya iso ni." Ban yi ƙarya ba, da hantsin nan ya iso ni.

"Ayya. Ai ta'aziyya ba ta tsufa. Zauna."

Muka yi addu'a muka shafa. Ta sa aka kawo min ruwa a kwanon sha. Muka taɓa hirar ciwon gwiwa da tsadar gawayi. Da na ga rana na tafiya sai na ajiye kwanon na ce, "Hajiya, ni ban iya kwana-kwana ba, ki yi haƙuri da ni. Motar ɗanki aka kawo wa ɗana zai saya. Jikokina za a riƙa ɗauka a ciki. Na zo in ji halinta a bakin masu ita."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin.

"Wace motar?"

"Ruwan toka. Akwai ƙunar kasko a kujerar baya, ta hannun dama."

Ta dafe ƙirji. "Ni na ƙona ta. Ranar kai amaryar jikata na riƙo kasko da wutarsa, muka faɗa wani rami, na dire shi a kan kujera ban sani ba. Har ya bar duniya yana min tsiya wai sai na biya shi." Ta tsura min ido. "Kika ce an kawo muku ita? Ɗauko ta aka yi a kan wata motar?"

"Da ƙafarta ta zo. Har na shiga na zauna."

Ta ture farantin gefe. Ta dafa bango ta miƙe, ta jawo takalmi, ta ce, "Taso."

Ta bi da ni ta wata 'yar ƙofa a bayan madafa, muka fito wani kango da ke jikin gidan, duk ciyawa da tumfafiya. A tsakiya akwai wani tudu an lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi da buhuna, an danne da duwatsu. Ta kama gefen tabarma ɗaya ta yaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gaban mota ne. Ruwan toka. Hancin ya shige ciki ya cukuikuye kamar an matse gwangwanin madara a hannu. Rufin ya sauko ya kusa taɓa kujera. Sitiyarin ya lanƙwashe ya manne da inda ƙirjin mutum zai kasance. Ga ɓaraguzan gilashi har yanzu a ƙasa. Daga bayan kujerun gaba kuwa babu komai, an yanke ta tas daga sama har ƙasa, yadda mahauci ke raba rago biyu. Ina tsaye ina hango ciyawar kango ta inda ya kamata a ce kujerar da na zauna ɗazu take. Wata kaza ta yi ƙwai a kujerar mai zaman banza, tana kwance a kai tana kallonmu.

Na nemi wani bulo na zauna.

Tsohuwar ta ce, "A hanyar Zariya ne, yana dawowa da fatu. Tirela ce ta bar hannunta. Ko shurawa bai yi ba, in ji waɗanda suka ciro shi. Aka jawo motar aka ajiye nan. Bayan arba'in ƙannensa suka kawo masu saye. Na ce su ɗauki abin da za su ɗauka, amma inda ya zauna ba za a kai wa 'yan gwangwan ba. Su a kilo suke saye. Jinin ɗana ba za a ɗora shi a sikeli ba ina raye."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai mai sayen ya ce ai dama shi bayan yake so, bayan ko ƙwarzane babu. Suka zo da tukunyar gas da wuta mai shuɗi, wuni guda suna yanka. Suka ɗora a babbar mota, suka haɗa da lamba da takardu. Ce min aka yi ƙofofi da fitilu za su ciccire su sayar wa masu gyara." Ta mayar da tabarmar tana gyara mata zama kamar mai lulluɓe yaro. "Ashe tafiya take yi."

Na ce, "To Hajiya, gaban da na gani da idona ɗazu, har da inji yana kuka, na wace ce?"

Ta ce, "Wannan kuma wata uwar ce ta san labarinsa."

Ban san yadda na fito titi ba. A cikin adaidaita ina ta kallon motocin da ke wuce mu, kowacce sai in ga kamar za ta rabe biyu a gabana. Mai adaidaitar ya ce, "Iya lafiya kike ta salati?" Na ce, "Kai dai ja mu, kuma ka bi a hankali."

Ina sauka ana sallame la'asar. Kafin in yi tawa sallar in fito, maza sun shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya kusa da motar: ɗana, dillali, bakanike, da wani maƙwabcinmu da aka kira shaida, mai kwasar yaran unguwa zuwa makaranta a wata tsohuwar adaidaita. Na kira surukata na zayyana mata komai, na ce maza ta aika a kira mijinta soro ta gaya masa. Ta dawo tana murza yatsu.

"Inna, wai ki kwantar da hankalinki, bakanike ya duba. Wai ƙila wata motar ce aka nuna miki."

Na ce, "Wata motar."

Na ja mayafina na fita. Ban kalli tabarmar ba. Na buɗe ƙofar baya na shiga na zauna, na bar ƙafa ɗaya a waje. Hira ta tsaya.

Dillalin ya ce, "Hajiya ta ji daɗin kujera ke nan. Ai na faɗa."

Na yafito bakaniken. "Kai mai baƙin hannu, zo nan. Ɗaga min wannan shimfiɗar ta ƙarƙashin ƙafata."

Ya dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa. Ya zo ya durƙusa, ya tura kujerar gaba, ya sa wani ƙarfe ya ɓanɓare kafet ɗin. An like shi da gam sosai, sai da ya yi da gaske. Da ya ɗago sai ga shi: tabon walda, kauri kamar igiyar guga, ya taso daga wannan ƙofa ya tafi har waccan, an shafe shi da baƙin fenti. Bakaniken ya bi shi da yatsa. Ya miƙe ya ja robar da ke bakin ƙofa ta sama, nan ma ga shi ya haura rufi.

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Malam, wannan mota biyu ce aka haɗa."

Na ce, "Da safe ka ce ko agogo albarka."

"Hajiya, inji aka ce in duba, inji kuma lafiyarsa ƙalau." Ya goge hannu a wando. "Amma wannan, in tana gudu ta daki rami mai kyau, ko wani ya ɗan taɓa ta daga gefe, wallahi nan za ta buɗe. Na gaba su yi gaba, na baya su san inda suka nufa."

Na baya. Su wa ke zama a baya in ba yara ba?

Ni na ɗauka dillalin zai daburce, ko ya rantse bai sani ba, ko ya nemi hanyar gudu. Wallahi ko gezau. Ya gyara hularsa ya ce, "To Hajiya sai me? Ai wannan waldar ta fi ƙarfen kamfani ƙwari. Wanda ya yi ta gwani ne. In za ki bi motocin garin nan kina ɗaga kafet, da ƙafa za ki ƙare rayuwarki."

"Ka san mutum ya mutu a cikinta?"

"A gaban ya mutu, Hajiya. Gaban kuwa ba ya nan."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Mutum da furfura a gemu, da carbi a hannu, yanzu ya fito daga masallaci.

Ina cikin wannan sai na ji muryar ɗana. Tun ɗazu yana tsugune yana kallon waldar. A hankali ya ce, "To Alhaji, tun da abin haka ne, me za ka rage?"

Wannan ta fi ganin kangon dukana. Na san ba rashin hankali ba ne. Ya daɗe yana ƙulla abin nan, ya riga ya gaya wa yara, ya ga ƙafar 'yarsa a ƙone, kuma ya san abin da ke hannunsa ba zai sayi wadda ta fi wannan kyau a ido ba. Amma duk da haka. Dillalin har ya fara murmushi yana matsowa.

Na fito daga motar. Na tsaya a gabansa na dube shi a tsakiyar ido, abin da ban yi ba tun yana goye.

Na ce, "Kai."

Maƙwabcinmu ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama.

"Tashi ka tare mana adaidaita. Za ka raka ni unguwa."

Ya ce, "Inna, ana cikin magana..."

"Maganar ba ta da ƙafa, za ka dawo ka same ta."

Haka muka tafi, ni da ɗan farina a kujera ɗaya, shi ya manne da wancan ƙarfen yana kallon titi, ni na manne da wannan ina kallon kantuna, tsakaninmu wurin da mutum zai zauna ya miƙe ƙafa. Har Ƙofar Na'isa ba wanda ya yi tari.

Na bar shi a waje na shiga na roƙi tsohuwar. Ta ce a zagayo da shi ta ƙofar kango. Ita da kanta ta sake yaye tabarmar. Ɗana ya tsaya. Ya dubi sitiyarin, ya dubi inda aka yanke, ya kai hannu zai taɓa bakin yankan ya fasa. Sai ya durƙusa a cikin ciyawar nan da fararen kayansa ya yi mata ta'aziyya.

Ta ce, "Kai ne mai sayen?"

"Ni ne, Hajiya."

"Yara gare ka?"

"Uku."

"Allah ya raya." Ta dubi gaban motar. "Ni ban ce kada ka saya ba, ɗana, kuɗinka ne. Amma in ka saya, don Allah kada ka biyo da ita ta layin nan. Ba na son in gan ta tana tafiya."

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka kusa gida ya ce, yana kallon waje, "Na fasa, Inna." Na ce da bayan mai adaidaita, "Allah ya yi albarka."

Muka sauka gab da magariba, ina jin kamar an sauke min dutsen niƙa daga ka. Sai na ga motar tana nan a gindin dalbejiya, dillali ba ya nan. Mutane sun kewaye ta. Maƙwabcinmu mai kwasar yara ya naɗe hannun riga, ga bokiti ga soso, yana wanke ta, ana ta ce masa Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare.

Yana hango ni ya saki soson ya taho da sauri ya durƙusa.

"Hajiya, Allah ya saka da alheri! Allah ya ƙara girma! Wallahi ke kika karya min farashinta. Kuna tafiya mutumin ya sauko, ya sauko, har ta zo daidai aljihuna. Ba don ke ba ina ni ina mota?"

Na ce, "Saya ka yi?"

"An sallama, Hajiya."

"Kana zaune a nan aka ɗaga kafet. Da kunnenka ka ji abin da bakanike ya ce."

"Na ji mana. Ai ni ba gudu nake ba, daga nan zuwa makaranta ne. Kuma ajali in ya zo ko a kan gado kake." Ya washe baki. "Adaidaitar nan ta yi min kaɗan, yara sun yi yawa. Wannan in na cire abin da ke but, wurin kayan nan na baya, har can zan zuba ƙanana. Kuma Hajiya, jikokinki kyauta zan riƙa kai su, ko sisi ba na so. Tukuicinki ne."

Surukata tana bakin lungu tana ji. Na ga idonta ya ɗan yi haske da ta ji kyauta, ban kuma zarge ta ba, ita ke wanke ciwon in an faɗi a babur. Na juya zan yi magana, sai ɗana ya riga ni.

Ya ce, "Mun gode, Malam. Ba za su shiga ba."

"Haba Malam, ai maƙwabtaka..."

"Ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ka gan su a hanya, kada ka tsaya musu. Na roƙe ka."

Ya wuce cikin gida.

Washegari ban karya ba na fara bin gidajen da yake ɗaukar wa yara. Ina shiga in zauna in faɗa musu abin da na gani a kango da abin da ke ƙarƙashin kafet, ba ragi ba ƙari. Wata ta yi salati ta ce daga yau nata sun daina. Wata ta ce sai ta gaya wa maigidan in ya dawo. Wata yarinya da na je sunanta da ƙafata ta dube ni ta ce, "Inna, to in na cire su wa zai kai min su? Ke?" Wata kuma ta ce ai ta ji labari tun jiya, har ya yi musu alkawarin ba zai ƙara kuɗin wata ba.

Ina fitowa daga gida na ƙarshe na ji hon a bakin titi. Ta sha wanki tana ƙyalli. Yara suka fito daga lunguna da jakunkuna da kwanukan abinci suna rige-rigen kujerar baya, ana ture juna ana dariya. Ya cusa su, ya danna ƙofa da ƙugu har ta rufu. Da ya hango ni ya ɗago hannu ya ce, "Hajiya, a sa mana albarka!"

Na ce, "Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya." Ya ja suka tafi. Ina tsaye ina kallon tsakiyar motar har ta sha kwana.